An ce kemo ya kashe min tushen jini, in daina in koma garin "sitem sel"

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar shekara 33, 'ya'yana biyu. An yi min aikin sankarar mama, daga baya aka ɗora ni a kan kemo, jan ruwan nan da wani fari, duk bayan sati uku. Na karɓi biyu. Da na je na uku aka ce jinina bai kai ba, in dawo bayan sati ɗaya. A takardar an rubuta WBC 2.4, nutrofil 35%, PCV 29, filatilet 160. Gashina ya zube kaf, bakina duk ƙuraje, wannan watan ma ban ga al'ada ba. Yayar mijina ta ce kemo yana kashe abin da ake kira sitem sel, idan suka mutu kuma ba sa dawowa, shi ya sa jinin ya ƙi hawa. Ta kawo min wani gari mai tsada da ake zubawa a ƙarƙashin harshe, ta ce in bar asibiti in riƙe shi. Don Allah gaskiya ne? Kuma zan sake haihuwa?

Wata baiwar Allah daga Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Kada ki bar kemo, kuma kada garin nan ya shiga bakinki sai likitanki ya ga ledarsa. Maganar yayar maigidanki tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take saurin shiga zuciya. Kemo yana taɓa sitem sel, waɗanda za mu kira ƙwayoyin tushe, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai abin da ya yi ƙasa a takardarki ba su ba ne, 'ya'yansu ne, kuma tsakanin abubuwan biyu akwai nisa.

Jini ba ya daɗewa a jiki. Jar ƙwayar jini tana yin kwana 120 ta mutu. Filatilet, masu toshe rauni su tsayar da jini, kwana 8 zuwa 10. Nutrofil kuwa, fararen ƙwayoyin da ke fara tarar cuta, daga 'yan sa'o'i zuwa 'yan kwanaki ne nasu. Don haka dole a yi ta ƙera sababbi ba dare ba rana, kuma a ɓargo ake yi. A jikin babban mutum aikin ya fi yawa a ƙashin ƙugu, ƙashin baya, haƙarƙari da ƙashin ƙirji. Jajayen ƙwayoyi kaɗai, kimanin miliyan biyu ɓargo ke fitarwa a kowace daƙiƙa.

Ki ɗauki abin kamar gidan manomi. Akwai hatsin da ke cikin buhu ana ci, shi ne jinin da ke yawo a jijiya, wanda gwaji ke ƙirgawa. Akwai shukar da ke gona tana girma, su ne ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ɓargo suna ta rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Sannan akwai irin da aka ware a rumbu ba a taɓawa sai da dalili. Wannan irin shi ne ƙwayoyin tushe. Ba su da yawa, kuma mafi yawansu barci suke yi. Ƙwaya ɗaya takan yi watanni ba ta rabu ba. Masana biyu a Toronto ta ƙasar Kanada, James Till da Ernest McCulloch, su ne suka fara nuna samuwarsu a ɓargon ɓeraye a 1961.

Shi kemo ba shi da idon da zai gane wannan ƙwayar sankara ce, waccan ta lafiya ce. Abin da yake farauta shi ne ƙwayar da ke tsakiyar rabuwa, lokacin da ta buɗe kundin gadonta tana kwafewa. Sankara ba ta hutawa da rabuwa, sai ya same ta. Shukar da ke gonar ɓargo ita ma haka take, sai ta sha wuta. Irin da ke rumbu kuwa yana barci, wutar takan wuce ta kansa.

Wannan ne ya sa jini ba ya faɗuwa a ranar da aka yi ƙarin ruwan. Hatsin buhu yana nan, ɓargo kuma yana da 'yar ajiyar nutrofil da suka riga suka nuna. Sai an cinye wannan, gona kuma ba ta kawo sabo ba, sannan giɓin ke bayyana, yawanci tsakanin kwana na 7 da na 14. A lokacin jiki ya riga ya aika saƙo rumbu, ƙwayoyin tushe sun farka sun shiga rabuwa don su sake shuka gonar. Zuwa kwana na 21, wani lokaci na 28, jini ya dawo. Sati ukun da ake ba ki ba don cunkoson asibiti aka tsara shi ba, lissafin ɓargo ne.

To mu duba takardarki. Lambar da likita ya kalla ba WBC ba ce, yawan nutrofil ne. WBC 2.4 na nufin fararen ƙwayoyi 2,400 a ma'aunin da ake amfani da shi. Kashi 35 cikin ɗari na 2,400 shi ne 840. Yawancin likitoci suna son ganin 1,500 kafin su sake ba da irin wannan kemo, wasu sukan yarda daga 1,000, filatilet kuma su haura 100. Naki filatilet 160 ne, lafiya lau. Ki koyi wannan lissafin, ba ya buƙatar komai sai wayarki. Da 840, likitanki ya yi daidai da ya ɗaga, kuma dalilinsa biyu ne. Na farko, idan aka ƙara wani kemon a kan wannan, faɗuwar gaba za ta fi zurfi, ƙofar cuta ta buɗe. Na biyun shi ne ainihin amsar tambayarki: a yanzu irin naki ba ya rumbu, an fito da shi ya tsira, yana cikin rabuwa. An gwada haka a ɓeraye da wani maganin kemo da ake kira 5-FU. Allura ɗaya ba ta yi wa ƙwayoyin tushe wata ɓarna ba, amma da aka sake ta bayan 'yan kwanaki, lokacin da suka farka, sai ta karkashe su. Ɗagawar da ta tayar miki da hankali kariya ce ga abin da kike tsoron rasawa.

Magungunan da kike karɓa ma suna cikin masu ragawa tushe. Za mu rubuta sunayensu yadda suke a jikin kwalba. Mai yiwuwa jan ruwan doxorubicin ne, farin kuma cyclophosphamide, haɗin da aka fi farawa da shi a sankarar mama: miligiram 60 na jan, 600 na farin, a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, sau huɗu. Ƙwayoyin tushen jini suna ɗauke da wani sinadari mai yawa da ke warware dafin cyclophosphamide kafin ya yi aiki, wanda 'ya'yansu ba su da shi sosai. Suna kuma da wasu 'yan famfuna a jikinsu da ke tofar da magunguna irin doxorubicin waje. Akwai dai magungunan da ke bin iri har cikin rumbu, irin su busulfan da melphalan idan aka ba da su da yawa. Da gangan ake amfani da su a share ɓargo kafin a dasa sabo, kamar dashen farko da aka yi a Najeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ga wani yaro mai sikila. A can ne ake ganin yadda mutuwar tushe take: jini ya faɗi ƙasa warwas, ba ya tashi sai an kawo ƙwayoyin wani. Wadda ke da nutrofil 840 da filatilet 160 a kwana na 21, ɓargonta yana aiki, jinkiri kawai ya yi.

Ba za mu ce miki kemo ba ya barin tabo ba. Duk farkawar da ƙwayoyin tushe suka yi suna ɗan gajiya, wasu kuma maganin kan same su. Shi ya sa zagayen baya-baya kan fi na farko jinkirin farfaɗowa, wasu mutanen kuma jininsu kan zauna ɗan ƙasa na wasu watanni bayan an gama. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi: wani lokaci ƙwayar tushe takan tsira da rauni a kundin gadonta, bayan shekaru ta rikiɗe ta zama sankarar jini. Dangin doxorubicin sukan jawo haka cikin shekara ɗaya zuwa biyar, dangin cyclophosphamide kuma bayan shekara biyar zuwa goma. A matan da suka karɓi irin haɗin da kike karɓa, abin bai kai mace ɗaya cikin ɗari ba. Ki ɗora wannan a sikeli ɗaya da haɗarin dawowar sankarar mama ga wadda ta yanke magani a tsakiya, za ki ga ba a ma haɗa su. Abin da ya rage gare ki bayan an gama shi ne ki riƙa zuwa duba lafiya, ki kuma nemi gwajin jini idan kika ga kasala mai tsanani, tabon jini a fata ba tare da buguwa ba, ko zazzaɓi mai yawan dawowa.

Akwai wata tambaya da ya kamata ki yi wa likita: nawa nutrofil ɗina yake kafin a fara kemo? Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama a jikin jajayen ƙwayoyinsu da ake kira Duffy. Rashinta yana kare su daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro, yana kuma sa gwaji ya nuna nutrofil ɗinsu ƙasa da na Turawa alhali lafiyarsu ƙalau, ba sa kamuwa da cuta fiye da kowa. Ma'aunin da ke jikin takardun gwaji kuwa galibi daga jinin Turawa aka samo shi. Idan dama can naki a kusa da 1,500 yake zaune, likita zai iya la'akari da haka don kada a riƙa ɗaga miki magani ba gaira ba dalili. Wannan hukuncinsa ne, ba naki ba, kuma 840 ya yi ƙasa ko da wannan.

Ɗagawa ta sati ɗaya, sau ɗaya, ba komai ba ce. Ta zama al'ada ce matsala, domin ita ma sankara farfaɗowa take yi a lokacin hutun. Likitan Italiya Gianni Bonadonna, da ya bi matan da ya yi wa kemo a Milan tsawon shekara ashirin, ya ga waɗanda suka samu aƙalla kashi 85 cikin ɗari na maganin da aka tsara musu su ne suka fi cin moriyarsa. Saboda haka ki tambayi likita ko za a sa miki filgrastim a zagayen da suka rage. Allura ce ta ƙarƙashin fata, kwafin saƙon da jiki ke aika wa ɓargo ne cewa a hanzarta nutrofil. Ana auna ta da nauyi, maikirogiram 5 a kowane kilo a rana, wato mai kilo 60 kwalba ɗaya ta 300 kullum, na adadin kwanakin da likita ya yanke. Ana farawa bayan awa 24 zuwa 72 da gama kemo. Ba a yin ta a ranar kemo, ba a kuma yin ta cikin awa 24 kafinsa, don dalilin da kika riga kika sani: tana tayar da ƙwayoyi su shiga rabuwa, a tashe su a gaban wuta kuwa ɓarna ce. A firji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 da 8, ba a bari ta daskare. Idan wutar unguwarku ba abin dogaro ba ce, gara a bar ta a firjin asibiti ko na kantin magani a riƙa ɗauko ta ɗaya-ɗaya. Tana sa ciwon ƙashi, musamman ƙugu da baya, alamar ɓargo na aiki ne. Amma ciwo mai tsanani a hagun ciki ta sama, ko a kafaɗar hagu, na iya zama saifa ce, a je asibiti. Sannan ki gaya wa likita rukunin jininki na gado. Ga mai SS ko SC allurar tana iya tayar da ciwon sikila mai kisa, ko AS ce ke a faɗa masa.

Yanzu abin da ya fi komai muhimmanci a wannan amsar. An ce jiki magayi, amma ƙarancin nutrofil ba ya gaya wa kowa. Za ki iya jin garau alhali ba ki da masu gadi. Alamar farko, wani lokaci ita kaɗai, zazzaɓi ce. Ki sayi ma'aunin zafin jiki na batir, ki auna a baki safe da yamma daga kwana na 7 zuwa na 14, da duk lokacin da kika ji sanyi ko rawar jiki. Idan ya kai 38, ko ƙarfe biyun dare ne, asibiti za ki nufa. Kada ki sha farasitamol ki kwanta, zai rufe zazzaɓin ne cutar tana ci. Kada kuma a ce ai maleriya ce a sayo magani a kemis. Da kin isa ki ce: ina karɓar kemo, yau kwana kaza da na ƙarshe, ga zafin jikina. Ƙa'ida ita ce a ɗebi jini, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya, ba tare da jiran sakamako ba. A yi gwajin maleriya, tilas ne a ƙasarmu, amma ko ya nuna akwai, ba ya hana a ba da wancan maganin. Idan nutrofil ya yi ƙasa da 500, cutar da mai lafiya zai kwana uku yana fama da ita tana iya shiga jini ta kayar da mutum cikin sa'o'i. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yanzu ku san wa zai kai ki, da wace mota, kuɗin na hannun wa, lambar wa za a kira.

A waɗannan kwanakin ki nisanci duk abin da zai huda fata ko ya shigar da ƙazanta. Ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, ba cire haƙori, ba maganin basir na matsawa ta dubura. Nonon da ba a tafasa ba, latas da kabejin da ba a dafa ba, kankana ko gwandar da aka yanka a bakin titi, tsire ko balangun da ya huce, duk a bar su zuwa gaba. Abinci mai zafi daga tukunya, ruwa tafasasshe ko na roba mai inganci, wanke hannu da sabulu, kwana cikin gidan sauro. Masu zuwa dubiya lada suke nema, amma mai tari, mai mura, da yaron da ke da ƙyanda ko ƙarambau su gaishe ki ta waya. Maigidanki ne ya kamata ya faɗi wannan, don kada a ga baƙinki.

Wasu magungunan da aka saba saye ba takarda su ma danne ɓargo suke yi. Chloramphenicol da ake sha don taifot, Septrin, Fansidar, kada ki sha ko ɗaya sai likitan kemo ya sani. Ibuprofen, diclofenac da asfirin suna raunana aikin filatilet. Idan ba a yi miki gwajin ciwon hanta nau'in B da na HIV kafin a fara ba, ki nemi a yi yanzu. Ƙwayar ciwon hanta takan kwanta shiru shekaru, kemo ya sassauta garkuwa ta tashi, alhali ƙwaya ɗaya a rana ta tenofovir ko entecavir tana hana hakan.

PCV shi ne ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyi a jini. Naki 29 ƙarancin jini ne matsakaici, kuma ana sa ran ganinsa. Jajayen ƙwayoyi suna daɗewa, don haka a hankali suke raguwa, a hankali suke dawowa. Ba a cika yin ƙarin jini ba sai ya sauka wajen 21 zuwa 24, ko mutum yana haki da bugun zuciya. Maganin ƙarin jini na kwalba yana amfani ne idan sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙaranci, kuma gwaji ne ke nuna haka. Idan gonar ce ta ƙone, tara taki ba ya sa ta tsira da wuri. Wasu magungunan ƙarin jinin ma suna ɗauke da folic acid, wanda ke ƙara dafin magungunan kemo 5-FU da capecitabine ga masu karɓarsu. Ki ci wake, ƙwai dafaffe, kifi, nama, hanta da ta dahu sosai, miyar zogale da alayyahu. A ranar kemo da washegari ki sha ruwa lita biyu zuwa uku, ki riƙa fitsari akai-akai har da kafin barci, domin ragowar cyclophosphamide tana ƙona mafitsara idan ta zauna. Wannan ya sa azumi a waɗannan ranakun bai dace ba, mara lafiya kuma an yi masa rangwame. Jan fitsari na kwana ɗaya ko biyu launin doxorubicin ne. Wanda ya wuce haka, ko ya zo da zafi ko gudan jini, a kai wa likita.

Baki da gashi labarinsu ɗaya da na jini. Fatar cikin baki da ta hanji suna sabuntawa cikin 'yan kwanaki, ta hanji ma duk kwana uku zuwa biyar, don haka ƙurajen kan fito kwana 5 zuwa 10 bayan kemo su warke cikin sati biyu zuwa uku, saboda tushensu yana nan. Ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bakin soda (wato baking soda na yin kek, ba sodar sabulu ba) a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ki kurkure sau huɗu zuwa shida a rana. Buroshi mai laushi, a ajiye asuwaki mai tauri da yaji da lemon tsami. Farin abu kamar dusar nono a harshe naman gwari ne, yana da maganinsa. Idan ciwon ya hana ki shan ruwa, ko gudawa ta kai sau huɗu a rana fiye da yadda kika saba, kada ki jira ranar asibiti. Gashi kuwa, ƙwayoyin da ke saƙa shi a can ƙasan rami ne suka mutu, tushensa yana ɗan sama da su a gefen ramin, yana barci. Wata ɗaya zuwa uku bayan kemo na ƙarshe zai fara fitowa, kimanin santimita ɗaya a wata, wataƙila da laushi ko launin da ba ki saba ba. Ba ya buƙatar wani mai. Idan za a koma wani maganin kemo mai suna docetaxel bayan wannan haɗin, ki sani a 'yan tsirarun mata gashin ba ya dawowa da cikarsa. Ki tambaya ko paclitaxel zai iya maye gurbinsa a lamarinki.

Akwai wurare biyu da suka shafe ki waɗanda ba su da rumbu. Ɗaya zuciya ce: naman zuciya ba ya sabuntawa yadda jini ke yi, shi ya sa ake tara lissafin doxorubicin na tsawon rai, ba a son ya haura miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Zagaye huɗu na 60 ya kama 240, kina ƙasa da iyakar. Ki ajiye katin da ya nuna abin da kika karɓa, ko bayan shekara ashirin likita zai buƙace shi.

Na biyun shi ne ƙwan mace, wato maganar haihuwar da kika tambaya a ƙarshe. Namiji yana da ƙwayoyin tushe a maraina, shi ya sa maniyyi kan iya dawowa bayan shekara ɗaya zuwa biyar, ko da yake ba kullum ba. Mace kuwa da ƙwayayenta aka haife ta, miliyan ɗaya zuwa biyu, zuwa balaga sun ragu zuwa wajen dubu ɗari uku, kuma ba a ƙera sababbi. Cyclophosphamide yana cinye wani kaso daga cikinsu, abin da ya tafi kuma ya tafi. Shekaru ne ke raba gardama. Mace 'yar ƙasa da 35 tana da sauran ajiya mai yawa, don haka mafi yawansu al'ada takan dawo, galibi cikin shekara ɗaya bayan gamawa, da dama kuma sun haihu. Wadda ta haura 40 ta fi fuskantar ɗaukewar dindindin. A shekara 33 kina ɓangaren da ke da kyakkyawan fata, sai dai ba wanda zai yi miki alkawari, kuma mai yiwuwa ki daina al'ada da wuri fiye da yadda za ki daina da ba a yi kemo ba. Akwai allurar goserelin, miligiram 3.6 duk kwana 28, da ke kwantar da ƙwan mace barci a lokacin kemo, tana rage haɗarin mutuwarsa. An fi son a fara ta aƙalla sati ɗaya kafin kemo na farko, kin riga kin karɓi biyu, duk da haka ki tambaya a zuwanki na gaba ko likita yana ganin za ta yi amfani.

Kafin komai, a yi gwajin ciki. Ɗaukewar al'ada a lokacin kemo ba ta nufin ciki ba zai shiga ba, kemo kuma yana nakasa ɗan tayi a watanni ukun farko. Ku yi tazara da kwaroron roba, ko abin da ake sawa a mahaifa mai jan ƙarfe, a sa shi lokacin da jini ya hau. Ƙwayoyi da allurai da ashanar hannu na tazarar haihuwa suna ɗauke da sinadaran da wasu nau'o'in sankarar mama ke girma da su, ba naki ba ne. Idan gwajin ƙarin maman da aka cire ya nuna yana cin waɗannan sinadaran, za a ɗora ki a kan tamoxifen na shekara biyar zuwa goma, ba a ɗaukar ciki a kansa. Ana iya tsara hutu bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, a nemi haihuwa, sannan a koma. Wannan magana ce da ya kamata ku yi ku uku, ke da maigida da likita, tun yanzu.

Shi kuwa garin, ki juya ledar ki karanta. Irin waɗannan kayan galibi za ki ga an rubuta cewa daga tuffa ko inabi aka yi su. Ƙwayar tsiro ba ta zama ƙwayar mutum, wadda aka busar aka niƙa ta riga ta mutu, abin da ya shiga ciki kuma narkewa yake yi kamar tuwo. Ƙwayoyin tushe na gaskiya rayayyu ne, daga ɓargo ko jinin mutum ake ɗebo su, ta jijiya ake sa su, sai an gwada dacewar mai bayarwa da mai karɓa, mara lafiya kuma ya yi makonni a keɓaɓɓen ɗaki. Ba a san abin da aka cakuɗa a garin ba, hanta kuwa ita ce ke sarrafa magungunan kemo ɗinki biyu, bai kamata a ɗora mata baƙon kaya ba. Yayar maigidanki ƙila ita ma sayar mata aka yi da wannan labarin. Ki gode mata, ki ce likita ya hana haɗa komai da kemo, idan kuma tana son taimakawa kuɗin ya fi amfani a filgrastim da gwajin jini.

Ranar komawa, ki yi gwajin kwana ɗaya kafin ranar ko da sassafe, ki lissafa nutrofil ɗin da kanki, ki tafi da takardun gwajin baya duka a jere, da ledar garin, da duk wani magani ko jiƙo da kike sha. Idan bayan sati biyu da ɗagawa jinin bai hau ba, ko jajaye da farare da filatilet suka faɗi tare suka ƙi tashi, a nan ne ake neman likitan jini ya duba ɗigon jininki a madubin likita, ya bincika maleriya, ciwon hanta, HIV da ƙarancin bitamin B12, idan ta kama ya ɗebi ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu.